Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Busasshen Yis da Ilimin Tsami Tsakanin Jibiya da Maraɗi

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza. Galibi akan kawo wannan karin magana ne idan aka ga wani al'amari ya sauya ba a san dalili ba, kamar a ga aminai biyu sun daina gaisawa. Amma idan aka ɗauki maganar a kan fuskarta, za a tarar gaskiya ce ta kimiyya, wadda masanan ƙasashen Turai ba su tabbatar da ita ba sai a ƙarni na goma sha tara. Ruwan tsari da ya kwana, da ƙullun waina da ya tashi, da madarar da ta zama nono, da giyar da ke tafasa a tukunya ba tare da wuta ba, kowannensu akwai mai aikin da ya sa shi ya sauya, sai dai ido ba ya ganinsa.

Wannan maƙala za ta yi bayanin ɗaya daga cikin waɗannan ma'aikata, watau yis, musamman busasshensa wanda ake sayarwa a leda. Za a duba ko mene ne shi, da sunayensa, da abin da ya tsaya a matsayinsa kafin zuwan na masana'anta, da yadda ake busar da shi, da yadda ake farfaɗo da shi, da kuma inda aikinsa a burodi ya rabu da aikinsa a giya. An zaɓi yankin Jibiya domin misali saboda a nan ne hanyoyin ciniki biyu, da harsunan Turawa biyu, suka haɗu a bakin Hausawa iri ɗaya.

2.0 Jibiya da Hanyar Maraɗi

Garin Jibiya yana arewa maso yamma da birnin Katsina, tafiyar kimanin kilomita 45, a gefen gulbin da ke gangarawa zuwa Maraɗi. A Magama ne shingen Nijeriya yake, daga can kuma sai Ɗan Isa a Jamhuriyar Nijar, sannan Maraɗi. Mutanen ɓangarorin biyu 'yan'uwa ne na jini. Bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, zuriyar sarakunan Haɓe sun yi arewa, suka kafa sarautarsu a Maraɗi wajen 1819. Iyakar da ta raba su daga baya, yarjejeniyoyin Ingila da Faransa ne na 1898 da 1904 da 1906 suka shata ta, aka kuma kafa duwatsunta tsakanin 1906 da 1908.

Tun daga lokacin, abincin mutanen yankin ya rataya ga buɗewa da rufewar wannan shinge. Gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da alkama daga 1987 zuwa 1992, abin da ya sa fulawa ta yi tsada, ta kuma riƙa ratsowa ta kan iyakoki. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. An sake rufe ta a Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, sannan Nijeriya ta janye rufewar a Maris na 2024. Kowane irin wannan tsaiko yana nufin kaya su daɗe a cikin mota ko a sito, a cikin zafin da kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Buhun shinkafa ko kwalin taliya suna iya jure wannan. Yis kuwa rai gare shi, kuma zafi da daɗewa suna rage masa ƙarfi. Mai gidan burodin da ya kwaɓa buhun fulawa da mataccen yis ya yi asarar fulawa da sukari da mai da itace a dare ɗaya. Saboda haka sanin halin wannan ɗan abu ya shafi jarin talaka kai tsaye.

3.0 Mene Ne Yis?

Yis halitta ce mai ƙwayar rai guda ɗaya, dangin naman kaza da fumfuna. Irin da ake amfani da shi a burodi da giya, masana suna kiransa Saccharomyces cerevisiae. Ƙanƙantarsa ta kai a jera ƙwayoyi fiye da ɗari kafin su cika tsawon milimita ɗaya, kuma a cikin giram ɗaya na busasshen yis akwai biliyoyinsu. Yana hayayyafa ta hanyar toho: ƙwaya ta fid da ɗan ƙullutu a gefenta, ya girma, ya ɓalle, ya zama wata ƙwayar. Yana zaune a fatar 'ya'yan itatuwa, da jikin hatsi, da ƙurar iska, da kuma cikin ƙofofin tukwane da ƙore.

Abincinsa sukari ne. Idan ya ci, sai ya fitar da abubuwa biyu: iskar kabon, da sinadarin maye wanda ake kira alkohol. Lissafin masana ya nuna cewa giram 180 na sukarin gulukos yana ba da kimanin giram 92 na alkohol da giram 88 na iska. Mai burodi iskar yake so, domin ita ce ke maƙalewa cikin danƙon alkama ta kumbura kwaɓi. Mai dafa giya kuwa alkohol yake nema, iskar ta tashi ta bar masa kumfa. Ke nan ma'aikaci ɗaya ne, masu gida ne biyu.

An daɗe ana mora wannan aiki kafin a san mai yin sa. Antonie van Leeuwenhoek, mutumin Holan, ya hango ƙwayoyin yis a madubin ƙara girma a 1680, amma bai gane masu rai ne ba. A 1837 ne wasu masana uku, Cagniard-Latour da Schwann da Kützing, kowa a nasa ɓangare, suka ce halitta ce mai rai. Louis Pasteur na Faransa ya tabbatar da haka da gwaje-gwajen da ya soma wallafawa a 1857, ya kuma nuna cewa kowane irin tsami da nasa mai haddasa shi. A 1883 Emil Christian Hansen, a ɗakin binciken kamfanin Carlsberg da ke Kofanhegan, ya ware ƙwaya guda ya raine ta har ta zama iri tsantsa. A kan wannan aiki nasa aka gina masana'antun yis na duniya.

4.0 Sunaye da Kalmomi

Kalmar yis, ko yisti kamar yadda wasu ke rubutawa, aro ce daga Ingilishi, kuma asalinta a can yana da alaƙa da kumfa da tafasa. Da an ƙetare Magama, sunan da ke jikin leda na Faransanci ne, watau levure, daga aikatau mai ma'anar ɗagawa. Wannan bambanci ba baƙo ba ne ga mutanen yankin, waɗanda ke cewa kwastan a nan su ce duwan a can, su ce fetur a nan su ce isansi a can. Sai dai akwai wani tarko. Faransanci yana kiran yis da bekin foda da suna ɗaya, sai siffar da ke biye ta bambanta su: levure boulangère shi ne mai rai, levure chimique kuwa garin sinadari ne kawai. Wanda ya aiki yaro kasuwa da rabin sunan yana iya samun abin da bai aika a sayo ba.

Larabci kuma yana kiran yis khamira, daga tushe ɗaya da khamr, watau giya. Larabawan dā sun lura cewa abin da ke tayar da gurasa da abin da ke juya ruwan inabi dangin juna ne, tun kafin a ƙera madubin da zai nuna haka.

Hausa ta bi wata hanya dabam. Yawan kalmominta suna bayyana halin da abu ya shiga ne. Ƙullu yakan tashi, kwaɓi ya kumbura, fura ta kwana ta yi tsami, magani a tsima shi ya zama tsimi, hatsi a jiƙa shi ya yi tsiro, nama ya ruɓe. Kowace kalma a nan tana nuna mataki dabam, kuma uwar gida ba ta rikita su. Daga nan ne harshen ya ɗauki aron ma'ana zuwa zaman jama'a: dangantaka ta yi tsami, magana ta tashi, wane giyar mulki tana ɗibarsa. Ta fuskar abin sha mai sa maye kuwa akwai giya da barasa a matsayin sunaye na gaba ɗaya, da burkutu da fito na dawa, da bammi na ruwan itacen kwakwa.

Ya kamata a rarrabe, domin kalmar tsami ta rufe ayyuka huɗu. Tsamin nono da koko da fura aikin wasu ƙwayoyi ne na daban, dangin bakteriya, masu juya sukari ya zama ruwan tsami. Tashin ƙullu da tafasar giya aikin yis ne. Juyewar giya ta zama khal aikin wasu bakteriya ne masu buƙatar iska. Daddawar kalwa da daddawar batso, wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa, aikin wani iri ne kuma, mai suna Bacillus subtilis, wanda ke narka furotin, shi ya sa warinta ya bambanta. A mafi yawan abincin gargajiya, iri biyu na farko tare suke aiki.

5.0 Irin Tsami Kafin Zuwan Leda

Kafin yis na masana'anta ya iso kasuwa, mai waina tana da dabarunta. Takan bar ƙullu ya kwana a wuri mai ɗumi, ta rage ɗan na jiya ta zuba a na yau, ta kuma riƙe tukunya ko ƙwarya ɗaya domin wannan aiki. Da safe sai ta sa ɗan ruwan kanwa, wanda ke kashe kaifin tsami, kuma haɗuwarsa da tsamin takan fid da ƙarin iska. Haka Bafillatana ke zuba ɗan tsohon nono a sabuwar madara. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa. Abin da waɗannan mata ke yi shi ne ajiye iri, daidai da manomin da ke ware zangarniya mai kyau domin shukar baɗi. Saboda haka ana iya kiran wannan ragowa irin tsami.

A sana'ar giya ne wannan ilimi ya fi fitowa fili. Dafa giya ba sana'ar Musulmin Jibiya ba ce, amma tsohuwar al'ada ce a wajen Maguzawan kudancin Katsina da ƙasar Kano, da kuma Annan kwarin Maraɗi. Joseph Greenberg, a littafinsa na 1946 kan Maguzawan Kano, da Guy Nicolas, a nasa na 1975 kan ƙasar Maraɗi, sun yi bayanin zaman waɗannan jama'a. A wajensu mata ne ke dafawa, kuma giya tana shiga gayya da biki da makoki da tsafi.

Aikin burkutu yana da matakai. Akan jiƙa dawa, a shanya ta a lulluɓe ana yayyafa ruwa har ta yi tsiro cikin 'yan kwanaki. Hikimar tsiro ita ce, yis ba ya iya cin sitacin hatsi, amma ƙwayar da ta soma tsira tana fid da sinadaran da ke farfasa sitaci ya zama sukari. Wannan hikima ce mai kunun zaƙi ke mora idan ta sa tsiron shinkafa ko ɗanyen dankali kunu ya yi zaƙi ba da sukari ba. Daga nan a busar da tsiron, a niƙa, a dama da ruwa. A wurare da yawa na Afirka ta Yamma akan tsiyaye ruwan sama a ajiye, a dafa guggubin shi kaɗai, sannan a mai da ruwan. Dalili kuwa, sitacin dawa ba ya nuna sai da zafi mai yawa, kuma wannan zafi zai kashe sinadaran da ke cikin ruwan saman da a ce tare aka dafa su. Sai a bar haɗin ya yi tsami, a sake tafasawa, a bari ya huce, sannan a zuba ragowar giyar da ta gabata. Cikin kwana ɗaya ko biyu ta kai. Bayan 'yan kwanaki kuma ta soma zama khal, domin ba a tsai da aikin ƙwayoyin ba.

Matsalar irin tsami mai ruwa ita ce ba ya jira. Idan mai sana'a ta yi rashin lafiya ko hatsi ya yanke, irin ya lalace. Maganin da mutane suka gano a wurare masu nisa da juna shi ne busarwa. Mosawan Burkina Faso suna kwashe guggubin da ya kwanta a gindin tukunyar dolo, su shanya shi, su ajiye da sunan rabile, har ma sukan sa shi a miya. Manoman yammacin Norwe suna tsoma zoben katako cikin kumfar giya su rataye ya bushe, irin da suke kira kveik. Ke nan busasshen yis ya girmi masana'anta. Abin da masana'anta ta ƙara shi ne tsantsar iri da tabbacin ƙarfi.

6.0 Yadda Ake Busar da Shi a Masana'anta

A dā masu burodin Turai a wajen masu dafa giya suke karɓar yis. Na yau kuwa ba daga giya ake kwaso shi ba. Akan ɗauki iri tsantsa a raine shi cikin manyan tankuna, ana ciyar da shi da baƙin ruwan rake ko na gwozar sukari kaɗan-kaɗan, ana hura masa iska mai yawa, domin ya mai da ƙarfinsa ga hayayyafa. Idan ya cika, a tace shi a matse. Wannan shi ne ɗanyen yis, wanda kimanin kashi 70 cikin ɗari nasa ruwa ne, kuma ba ya ƙetare 'yan makonni ko da a cikin firiji.

Domin a busar da shi, akan tura shi ta rariya ya fito kamar siririyar taliya, a kaɗa shi cikin iska mai ɗumi har ruwansa ya sauko zuwa kashi 4 ko 8 cikin ɗari. Ƙwayoyin ba su mutu ba, suma suka yi. Kafin busarwa akan sa su tara wani sukari mai suna tirehalos, wanda ke tsaya wa fatar ƙwaya a madadin ruwan da ta rasa. Kamfanin Fleischmann na Amurka ya fito da busasshen yis mai tsaba-tsaba a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, domin burodin sojoji. Kamfanin Lesaffre na Faransa, wanda aka kafa a 1853, ya fito da mai laushin da ke narkewa nan take a 1973. Shi ne irin da ake matse wa iska a leda har ta yi tauri kamar bulo, kuma yana kai kimanin shekara biyu idan ba a buɗe ba. Wannan ƙirƙira ta sauƙaƙa yin burodi a garuruwa masu zafi inda babu wutar firiji. Ban da na Faransa, kamfanoni irin su Pakmaya na Turkiyya da Angel na ƙasar Sin suna sayar da nasu a kasuwannin Afirka.

7.0 Farfaɗo da Busasshen Yis

Lokacin da ya fi haɗari ga busasshen yis shi ne mintocin farko da ya taɓa ruwa. Fatar ƙwaya tana nan a bushe da tsage-tsage, ba ta iya zaɓen abin da zai shiga ko ya fita. Idan ruwan ya yi sanyi ƙwarai, fatar ba ta haɗewa da wuri, abin cikin ƙwaya ya tsiyaye, har wani sinadarinsa ya sa kwaɓi ya saki. Idan ya yi zafi, daga wajen digiri 55 zuwa 60, ƙwayoyin su mutu. Idan kuma akwai gishiri ko sukari mai yawa a ruwan, sai ya zuƙe su maimakon ya jiƙa su. Daga waɗannan dalilai uku ne ƙa'idojin suka fito.

Na farko, a duba leda. Mai tauri iska ba ta shige ta ba. Wadda ta yi laushi an huda ta ko ta daɗe. A duba ranar ƙarewar aiki. Na biyu, a tanadi ruwa mai tsabta, nauyinsa ya ninka na yis sau goma, ɗuminsa digiri 35 zuwa 40 ga yis na burodi mai tsaba, watau ɗumin ruwan wankan jariri. Na uku, a barbaɗa yis a saman ruwan, a bar shi kimanin minti goma zuwa goma sha biyar kafin a motsa. Na huɗu, kada a bar shi ya wuce rabin sa'a bai sami abinci ba, domin zai cinye guzurinsa. Wanda ke shakkar yis ɗinsa sai ya gwada: ƙaramin cokali na sukari a cikin rubu'in kofi na ruwan ɗumi, a zuba yis, a jira minti goma. In ya yi kumfa ya taso, yana da rai. In ya kwanta shiru, gara a zubar da shi da a zubar da buhun fulawa.

Mai laushin da ke narkewa nan take ba ya buƙatar jiƙo. Akan gauraya shi da fulawa, kimanin rabin kashi zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinta, watau abin da bai wuce giram 500 ba ga buhu mai kilo 50. Tun da burodin Nijeriya yana da sukari da yawa, akwai irin da aka tanada domin kwaɓi mai zaƙi, kuma kamfanoni suna bambanta shi da launin leda. Yanayi ma yana da hukunci. A lokacin hunturu ruwan randa yakan yi sanyi, kwaɓi ya yi nawa, a buƙaci ɗumama ruwa. A bazara kuwa kwaɓi yakan yi gaggawa ya wuce ya faɗi, sai a rage yis ko a taƙaita jira. Ledar da aka buɗe a ɗaure ta tam, a nisanta ta da rana da laima. Wanda ake ƙullawa a ƙananan ledoji a baje a rana kan tebur shi ne ya fi saurin rasa ƙarfi.

A ƙasashen da doka ta yarda da dafa giya a gida, kamar Ingila tun 1963 da Amurka bayan dokar 1978, masu wannan sha'awa suna bin ƙa'idoji masu kama da waɗannan. Ledarsu ta giram 11 ce ga kimanin lita 20, ruwan jiƙonsu bai kai na mai burodi ɗumi ba, kuma suna kula kada tazarar zafi tsakanin jiƙon da ruwan hatsin ta wuce digiri 10. Sun daɗe suna jayayya kan ko jiƙon dole ne. A shekarun baya-bayan nan wasu kamfanoni sun bayyana cewa barbaɗawa kai tsaye ta wadatar ga yawancin irinsu, saboda dabarar busarwa ta inganta.

8.0 Yis da Maye

Tambayar da takan taso a zukatan Musulmi ita ce, idan yis yana haifar da alkohol a ko'ina ya sami sukari, ina matsayin burodi da fanke da waina? Abin lura na farko, yis kansa ba ya sa maye, kuma na masana'anta ba daga giya ya fito ba. Na biyu, tashin kwaɓi na 'yan sa'o'i ne, alkohol ɗin da ke samuwa kaɗan ne, kuma yana tafasa a digiri 78, alhali cikin burodi yana haura 90 a tanda. Mafi yawansa yana bin tururi, ɗan abin da ya rage ba ya bugar da kowa komai yawan abin da ya ci.

A fiƙihun Malikiyya, illar haramci ita ce sa maye, kuma abin shan da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Jiƙon dabino ko zabibi halal ne muddin bai kai ga haka ba, kuma giyar da ta juye da kanta ta zama khal ta tsarkaka. Akwai wata mas'ala a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, da almajiran zaure suka sani, watau hanin yin jiƙo a cikin duma da tulun da aka shafe da ƙaro. Malamai sun bayyana dalili da cewa jiƙo yana saurin juyewa a irin waɗannan mazubai. Game da duma, ilimin yau ya nuna yadda abin yake: ƙofofin jikinsa suna riƙe ƙwayoyin jiya, su kama aiki da zarar an zuba sabon ruwa. Siffar da ta sa mai waina ke riƙe ƙwaryarta ita ce ta sa aka yi hattara da ita a babin jiƙo.

Ta fuskar doka, yarjejeniyar Birasil ta 1890 ce Turawan mulkin mallaka suka dogara da ita wajen hana shigo da barasa mai ƙarfi Arewacin Nijeriya. Dokar final kot da ta soma aiki a 1960 ta tanadi hukunci ga Musulmin da ya sha giya, kuma Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙira a 1987, ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000. Sai dai yis bai san doka ba. Kunun zaƙi ko zoɓon da aka ɗura a gora aka bari a zafin tasha yakan soma juyewa da kansa. Gorar da ta kumbura, ko ta yi tsaki da kumfa idan an buɗe, ko ɗanɗanonta ya soma yaji a harshe, shaida ce cewa aiki ya kankama. Mai sayarwa da ta san wannan za ta dafa daidai cinikin yini, ta wanke gorunanta da ruwan zafi, ta kuma ajiye su a sanyi.

9.0 Kammalawa

An ga cewa yis halitta ce mai rai, cewa busar da shi suma ce ba mutuwa ba, kuma ɗumin ruwa da tsabtarsa da lokacin jira su ne ke yanke ko zai farfaɗo. An kuma ga cewa matan ƙasar Hausa sun mallaki dabarar ajiye irin tsami tun kafin leda ta zo, kuma harshen yana da kalmomin da suka rarrabe matakan wannan aiki.

Yis na leda ya kawo sauƙi, amma iri ɗaya ne tak, alhali irin tsami na gida taron ƙwayoyi ne da yawa, kuma daga nan ne wainar wani gida ke samun ɗanɗanon da ta wani gida ba ta da shi. Duk tukunyar da aka daina amfani da ita, irin da ke cikinta ya tafi, kalmomin da ake faɗa a kanta su bi shi. Akwai aiki a gaban ɗaliban Hausa da na kimiyyar abinci: su zauna da masu waina da masu nono da masu daddawa a Jibiya da Ɗan Isa da Madarumfa, da tsofaffin Maguzawa da Anna, su rubuta sunan kowane mataki da kowane mazubi kamar yadda masu sana'ar ke faɗa, su kwatanta na wannan gefen shinge da na wancan, tun masu sanin suna raye.